Batun cewa megalodon na nan da rai

Wani labari da na karanta kan megalodon, wani ƙaton kifin shak na zamanin da, ya yi daidai da ya ce haƙorinsa kan kai santimita 18, wato ya cika tafin hannun babban mutum har ya yi saura, amma batun cewa wataƙila kifin yana nan da rai a ƙarƙashin teku bai kwanta mini ba ko kaɗan. Kifin shak yana zubar da haƙora yana sake wasu muddin ransa, shi ya sa har na dangin megalodon da suka riga shi ake tonowa da yawa a ma'adinan fosfat na Maroko, kuma haƙoran megalodon sun daina bayyana tun kimanin shekara miliyan 3.6 da suka wuce. Ga masu cewa ai teku na da zurfi, ku tuna cewa wannan dabba ce mai zama a ruwa mai ɗumi, mai farautar kifayen wel, kuma can ƙasa sanyi ne da ƙarancin abinci. Tsawon mita 20 da ake cewa megalodon ya kai ma ƙiyasi ne daga haƙora da ƙashin baya, domin sauran ƙashinsa guringuntsi ne da ke ruɓewa. Idan yana raye, ina sabon haƙori ko guda ɗaya?