Yadda Na Tuɓe wa Bindigar Kaka Kaya

Bindigar ta Kaka ce, ta faɗo a rabon Baba, da Allah Ya yi wa Baba rasuwa kuma ta faɗo a nawa, don sauran 'yan'uwa duk idonsu na kan gonar fadama. Greener ce, ƙirar birnin Bamingham na Ingila, mai baki ɗaya. Ana danna wani hannu da ke ƙarƙashinta ta buɗe, a zura harsashi lamba 12 guda ɗaya tak. In ka kuskure gada, sai dai ku yi sallama.

Sai dai ba kowa zai gane bindigar Turawa ce ba. An naɗe gindinta da jar fata tun daga kunama har ƙarshe, an jera wuri, ga layu guda bakwai suna reto, ga wani baƙin abu da ya daskare a jikin katakon, wanda har yau ban tambayi ko na mene ne ba. Ni kuwa na kwana biyu ina kallon Turawa a YouTube suna mayar da tsofaffin bindigogi yadda suka fito daga masana'anta. Na ce wallahi tamu ma sai ta koma amarya.

Na sa reza na yanke layun, na zuba a leda na kai wa Goggo. Ta dube ni, ta dubi ledar, ta ce, "Ɗan nan, boko bai yi maka rana ba." Ta shige ɗaki da kayanta.

Da na goge ƙarfen da kananzir sai ga wani ɗan tambari: kambin sarauta, a ƙasansa BNP. Hatimin gidan gwajin bindigogi ne na Bamingham, wanda yake aiki tun 1813. Kowace bindiga sai sun ɗura mata harsashin da ya fi na kullum ƙarfi sun harba, in ba ta fashe ba su buga mata shaida. Wannan samfurin hatimin kuwa sai a tsakiyar shekarun 1950 aka fara buga shi. Mu kuma tun muna yara Kawu yake ba mu labarin yadda Kaka ya dawo da ita daga yaƙin Bama a 1945, bayan ya kori Japanawa da ita. Na kai masa wannan bayani da murnata, har da haska masa tocilan. Ya ce, "To, kai da aka haifa jiya ka fi ni sanin ubana." Har yanzu in na gaishe shi da ka yake amsawa.

Na koma kan tsatsa. Turawan nan da wani lallausan soson ƙarfe suke aiki, su ɗiga mai, su shafa a hankali. Ni wanda na samu shi ne na wanke tukunyar uwargida. Na zage na dirje bututun nan har ya yi fari fes, yana ɗaukar ido. Ashe baƙin da na kankare shi ne ainihin rigar da masana'anta ta sa mata, shi ke kare ƙarfen. Ga damina ta kankama. Kafin mako ya zagayo bindiga ta yi jawur.

Abin da ya ba ni mamaki, wai shi kansa baƙin tsatsa ce. Da gangan ake barin ƙarfen ya yi jar tsatsa, a dafa shi a tafasasshen ruwa ta rikiɗe ta zama baƙa, a goge ta sama, a sake, a yi ta yi har launin ya zauna. To wace tukunya ce za ta ɗauki bututun bindiga? Na je wurin mai walda ya toshe mini bakin wani guntun indararo, na ɗora a kan murhu biyu a tsakar gida. Ina tsugune ina fifita wuta uwargida ta dawo daga unguwa. Ta leƙa ta ga abin da ke tafasa, ta ce, "Malam, in ta nuna a kwashe da miyar kuka ko da ta kuɓewa?" Kafin la'asar yaran unguwa sun cika zaure, labari ya kai masallaci cewa ina dafa bindiga don kada harsashinta ya ƙare. Wani ɗan tauri har ya aiko a sam masa ruwan.

Bututun ya fito dabbare-dabbare kamar jikin zabo.

Saura katako. Da itacen wata bishiyar Turawa ake sassaƙa shi, wadda suke kira walnat, a shafe shi da man linsid. Na tanadi samfefa, na farke jar fatar nan. Ina ɗaga bindigar gindin ya rabe biyu a hannuna, rabi ya faɗo mini a kan babban yatsa. Ashe ya daɗe da tsagewa. Kaka ya kai wa baduku ya naɗe shi da ɗanyar fata, da ta bushe ta matse shi gam, ita ce ta riƙe shi shekara da shekaru.

Na kwashi gutsattsarin a buhu na nufi gidan Sarkin Baka, abokin farautar Kaka. Ya zazzage a tabarma, ya daɗe yana kallo.

"Jikan abokina, ɓarayi ne suka shiga muku?"

"A'a, ranka ya daɗe, gyara nake yi."

"Allah Ya kiyashe mu da ranar da za ka yi ɓarna."

Ya ce baduku zai sake naɗe ta, amma kafin nan in je wurin 'yan sanda, don lasin bindiga ba a gadonsa kamar gona, kuma za su so ganin tsohuwar takarda. Na ce ai duk gidan mun birkice ba mu ga wata takarda ba. Ya ce, "Babbar layar nan mai kusurwa huɗu fa? Ba laya ba ce. Lasin ne ya ninke ya ba baduku ya ɗinke, don kada ruwa ya jiƙa shi a daji."

Na ruga gidan Goggo. Na tarar ta rataya wa jikanta mai haƙori, ta ce tun ranar zawo ya tsaya, kuma duk wanda ya taɓa ta ba ta yafe ba. Ta ce in dawo in yaron ya gama fitar da turame.