Tseren motoci ta intanet: dokar da ta ɗaure direba ta ɗaure masu gasa ma

A watan Mayun 2020, lokacin da korona ta rufe filayen wasanni a duniya, masu gasar Formula E ta motocin lantarki sun mayar da tserensu kan kwamfuta. Kowane direba yana gidansa, sitiyari a gabansa, kyamara na kallonsa. A tseren da aka yi a kwaikwayon filin Tempelhof na Berlin, motar Daniel Abt, direban Audi, ta zo ta uku, alhali a makonnin baya bai taɓuka abin a zo a gani ba. Stoffel Vandoorne, wanda ya yi ta gogayya da motar a wannan rana, ya fito fili ya ce bai yarda Abt ne ke tuƙi ba. Da aka bi sawun adireshin intanet ɗin da aka shigo da shi, sai ga wani matashi ɗan Ostiriya, Lorenz Hörzing, ƙwararren ɗan tseren kwamfuta. Aka soke sakamakon, aka umarci Abt ya ba da yuro 10,000 ga aikin agaji, kuma cikin 'yan kwanaki Audi ta raba gari da shi. Mutumin da ya ci tsere biyu da motar gaske a wannan gasa ya rasa kujerarsa a kan abin da ya ɗauka raha ce.

Da yawa sun ce hukuncin ya yi tsauri. Ni ban ga tsaurinsa ba. A filin tsere na gaske, wanda ya yi ganganci yana iya karya ƙafa ko ya ƙona motar miliyoyi, wannan tsoron kaɗai yana ladabtar da mutum. A kan kwamfuta babu ƙashin da zai karye. Idan ka cire doka, babu abin da ya rage da zai hana direba banke na gabansa a kwanar farko, ko ya ɗora wani a kujerarsa. Doka ce kaɗai ta raba wannan gasa da wasan yara a shagon gem. Shi ya sa nake goyon bayan tsananin da ake yi wa masu neman shiga manyan gasanni. Damuwata ita ce tsananin yakan tsaya a kan direba, ya bar waɗanda suka rubuta dokar suna shan iska.

Bari mu fara da abin da aka yi daidai. Manhajar tseren motoci ta iRacing, wadda aka buɗe a 2008 a Amurka, ba ta barin sabon shiga ya hau babbar mota a tserenta na hukuma ko da yana da kuɗin sayenta. Kowa daga ajin 'yan koyo yake farawa, sannan D, C, B, A, a can ƙoli kuma lasisin ƙwararru. Abin da ke ɗaga mutum daga aji zuwa aji shi ne makin tsaro, wanda ke tsakanin sifili da 4.99. Na'ura tana ƙirga kwanar da ka sha, tana ƙirga laifin da ka yi. Ka sauka daga titi, laifi ɗaya. Mota ta ƙwace maka ko ka daki bango, biyu. Ka yi karo mai ƙarfi da wata mota, huɗu. A tseren yau da kullum, idan laifinka ya kai iyakar da aka gindaya, an kore ka ke nan. Sai makinka ya kai 3.00, ka kuma yi adadin tseren da aka gindaya, kafin a ɗaga ka a ƙarshen zango. Wanda ya kai 4.00 ba ya jira. Gudu kuwa da ma'auninsa dabam, wanda ke hawa idan ka doke waɗanda suka fi ka, ya sauka idan na ƙasa da kai suka doke ka, kuma da shi ake haɗa ka da sa'o'inka.

Na ga yadda irin wannan tsari ke gyara mutum a cikin gidanmu. Ɗan 'yar'uwata ya sayi sitiyari na hannu, ya ɗaure shi a teburin karatunsa, ya tokare birki da totur da bulo don kada su zame a kan tayil. Makonnin farko, ihu kawai nake ji daga ɗakinsa. Wata rana na tsaya a bayansa ina kallo. Wata mota ta biyo shi a guje, tana neman kutsawa ta inda babu hanya. Na zaci zai tare. Sai na ga ya ɗan ɗaga ƙafa, ya buɗe mata. Da aka sha kwana biyu a gaba, ga ta can ta yi ciki da wata motar, su biyun sun juya a kan ciyawa, shi kuma ya wuce abinsa. Da aka gama ya juyo, gumi a goshinsa, ya ce, "Kawu, irin wannan ba a tare shi, bari ake ya je ya gamu da ɗan'uwansa." Yaron da ko layin burodi ba ya iya bi, ga shi yana lissafin abin da zai faru bayan an sha kwana biyu a gaba.

Akwai ƙorafin da 'yan tsere ba sa gajiya da yi: idan aka yi karo, na'ura ba ta tambayar wa ke da laifi, duka biyun take rubuta wa huɗu. An buge ka ta baya kana kan hanyarka, amma hukuncinku ɗaya da wanda ya buge ka. Abin da ciwo, ban musa ba. Sai dai ana yin tsere dare da rana, babu alƙalan da za su zauna su duba kowane karo. Kuma a tsawon lokaci lissafin yana fitowa daidai. Wanda aka buge sau ɗaya zai farfaɗo a tsere biyu ko uku. Wanda kullum shi ake bugewa, to ya duba tuƙinsa, domin idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ga wanda ya yi mugunta da gangan kuwa akwai ƙofar kai ƙara da faifan tseren, mutane ne ke dubawa, kuma suna dakatar da mutum komai sunansa. A 2018 sun dakatar da Scott Speed, tsohon direban Formula 1, saboda banke abokan tsere da gangan.

Daga wannan tsani ake hawa zuwa gasannin duniya. Gasar NASCAR ta iRacing, kwaikwayon babbar gasar tseren motoci ta Amurka, wadda aka fara a 2010, tana da kujeru 40. Tsarin da aka daɗe ana bi shi ne 20 na sama su riƙe kujerunsu, na ƙasa su koma su kare kansu a gaban waɗanda suka yi watanni suna fafatawa a zagayen share fage. Tun daga 2020 zakara yana tafiya da dala 100,000. Ba a tambayar ɗan wane ne kai. A tseren gaske kuwa, yaro yana buƙatar iyaye masu hannu da shuni tun daga ƙananan motocin koyo, kuma sau da yawa kujera ta mai kawo kuɗi ce. Irin wannan buɗaɗɗiyar ƙofa ce ta ba Lucas Ordóñez na Sifaniya damar cin gasar GT Academy ta Nissan da PlayStation a 2008, har ya zo na biyu a ajinsa a tseren awa 24 na Le Mans a 2011. Ita ta fito da Jann Mardenborough daga cikin mutum 90,000 a 2011. Ita ta sa Brendon Leigh, matashin Ingila mai aiki a kicin, ya zama zakaran farko na gasar Formula 1 ta kwamfuta a 2017, bayan sama da mutum 60,000 sun gwada sa'arsu.

To amma tun a shekara ta biyu ƙofar Formula 1 ta fara tsukewa. Daga 2018 ƙungiyoyin gasar suka shigo, aka koma tsarin zaɓe: saurinka zai kai ka cikin jerin waɗanda za a duba, kujera kuwa sai wata ƙungiya ta nuna ka da yatsa. Na fahimci dalilin, ƙungiya tana son wanda za ta iya aiki da shi. Duk da haka, da zarar an ce sai an zaɓe ka, sanayya ta samu wurin zama. Da ni ne, da na ware wasu kujeru waɗanda agogo kaɗai ke bayarwa, babu mai sa baki.

Inda abin ya fi ɓata mini rai shi ne Le Mans ta kwamfuta a Janairun 2023. Ƙungiyoyi sun yi watanni suna shiri, suna gwada saitin mota, suna raba awannin dare tsakanin direbobi. Ana cikin tsere aka tsayar da shi har sau biyu saboda matsala a sabar, wato babbar kwamfutar da ke haɗa kowa. Masu gasar suka ce hari aka kai mata. Max Verstappen, zakaran duniya na Formula 1 a lokacin, motarsu ce ke gaba lokacin da layi ya yanke masa. Ya dawo ya soma rage tazara, layi ya sake yankewa. Ƙungiyarsa ta nemi a mayar mata da zagayen da ta rasa, aka ce doka ba ta ba da haka ba sai motoci huɗu ko fiye sun yanke a lokaci guda. Ya ajiye motar, ya ce ba zai sake shiga ba.

Masu gasar sun bi dokarsu kamar yadda aka rubuta, kuma dokar tana da hujja: idan aka ce duk wanda layinsa ya yanke za a biya shi, wani zai zare wayarsa da kansa idan ya ga abin ya juya masa. Amma dubi abin da dokar motoci huɗu take nufi. Tana cewa matuƙar ba a taru an faɗi tare ba, laifin na direba ne, ba tare da an bincika ba. A ranar da kowa ya ga sabar tana tangal-tangal, wannan zato bai dace ba. An iya bin sawun adireshin Abt cikin awanni aka kama shi. Me zai hana a yi irin wannan himma wajen gano daga wane ɓangare layi ya yanke? Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Littafin doka da ya yi shafuka a kan abin da direba zai fuskanta idan ya taka layin gefen titi, ya kamata ya faɗi abin da mai gasa zai yi idan kayan aikinsa suka gaza: a koma matsayin da ake kafin matsalar, ko a ɗage tseren, ko a raba maki yadda aka sanar tun farko.

Haka ma ɓarakar da ke cikin manhaja. A tseren awa 24 na Spa a iRacing a 2022, wasu manyan direbobi sun gano cewa idan suka ɗora taya a kan ciyawa tana hucewa, suka yi ta yi da gangan. A Daytona a farkon 2023, wani direban Williams Esports ya bi ta shimfiɗar da ke gefen titin tsere ta ciki a zagayen neman gurbi ya samu matsayin farko, daga baya aka hukunta shi. Ban wanke su ba, sun san abin da suke yi. Amma idan an san da rami a hanya kafin ranar tsere, a cike shi, ko a rubuta ƙarara cewa wanda ya bi ta nan an kore shi nan take. Hukuncin da ke zuwa bayan an raba kofi ba ya mayar wa masu gaskiya abin da suka rasa.

Sai maganar da ta shafe mu kai tsaye. Gasar duniya ta Gran Turismo, wasan tseren motoci na PlayStation, wadda aka fara a 2018 da amincewar hukumar tseren motoci ta duniya FIA, kuma Igor Fraga na Barazil ya ci kofin ƙasashe na farko a Monako, tana da jerin ƙasashen da mazaunansu za su iya shiga. Jerin yana bin ƙasashen da PlayStation ke da rajista a hukumance, kuma a duk faɗin Afirka, Afirka ta Kudu ce kaɗai. Matashi a Kano ko Damagaram ko Kumasi yakan buɗe asusu da adireshin Ingila ko Amurka don ya samu ya yi wasa. Zai iya yin tsere, makinsa ya hau, amma ranar da ya kai matakin da za a gayyace shi, shaidar zama a wannan ƙasa za a nema. Tun kafin ya taka totur an riga an cire shi.

Dama can yana tsere da nauyi a ka. Manyan sabobin suna Turai da Amurka da wasu wurare masu nisa. Motar da ke gudun kilomita 250 a awa tana cin kusan mita 7 a cikin kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa, kuma kusan jinkirin da saƙo ke yi ke nan tsakanin Afirka ta Yamma da Turai idan layi na da kyau. Ga ɗauke wuta, ga kuɗin data, ga mota da fili da ake saya da dala a iRacing. Waɗannan ba laifin masu gasa ba ne, kuma ba na neman a sassauta wa kowa makin tsaro ko a rage masa daƙiƙa ɗaya saboda daga nan ya fito. Amma jerin ƙasashe alƙalami ne ya rubuta shi. Na san akwai batun haraji a kan kyauta, da dokokin ƙasashe, da biza idan za a haɗu a zaure ɗaya. Hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya tana fama da duk waɗannan, kuma ba ta hana wata nahiya wasannin share fage ba. FIA tana da ƙungiyoyin da ke wakiltarta a ƙasashen Afirka da dama. Su ne ya kamata su tantance shaidar ɗan ƙasa da shekarunsa. A buɗe zagayen share fage na Afirka a kan mota ɗaya da saiti ɗaya, da kyamara a fuskar kowane direba, a ce wanda ya fi sauri yana da kujera ɗaya a babban taro, in dai lokacinsa ya kai na sauran yankuna.