Heinrich: sunan Jamusawa da ke nufin maigida

Jiya na sa hoton Heinrich Barth a shafina, Bajamushen nan da ya shigo Kano a 1851. Ba a jima ba wani ƙanena ya turo mini saƙo: "Yaya, ai wannan sunansu ɗaya da Himmler na Hitler, suna ne mai baƙin jini." Maganar ta tsaya mini a rai har dare, domin a ganina an zalunci sunan, kuma an zalunci mutane da yawa da suka amsa shi.

Asalin sunan daga tsohon Jamusanci ne, kalmomi biyu aka haɗa: "heim", wato gida, da "rihhi", wato mai iko. Heinrich dai maigida ke nan, ba ragi ba ƙari. Ranar da na fara sanin haka na yi murna, don kuwa abin da muke girmama namiji da shi a nan shi ne suka mayar sunan yanka a can. Ingilawa suna cewa Henry, Faransawa Henri, Sifaniyawa Enrique, Italiyawa Enrico. Su kansu Jamusawa suna rage shi zuwa Heinz ko Hinz, kamar yadda Abubakar kan koma Habu a bakinmu. Saboda yawan masu sunan a da, har yau idan Bajamushe zai ce "kowa da kowa" yakan ce "Hinz und Kunz", wato su Heinrich da su Konrad.

Sarakunan Jamus ne suka yaɗa shi. Heinrich na ɗaya ya hau mulki a 919, daga nan aka yi ta jera su har zuwa na bakwai. Na huɗun shi ne wanda ya yi rigima da Fafaroma, har a 1077 ya je ya kwana uku a tsaye cikin sanyin ƙanƙara a ƙofar fadar Canossa yana neman afuwa. Amma ni ba sarakunan ne suka dame ni ba.

Mahaifina yana da rediyo mai riga ta fata, eriyarta ta karye ya ɗaure ta da waya. Kullum da yamma zai zauna kan tabarma yana murɗa ta a hankali, kunnensa manne da ita, har shuuu ɗin ya lafa, muryar mai labarai ta fito daga Jamus ko Landan. Idan za a rufe shiri sai a lissafo mita kaza, kilohertz kaza. Na girma ina jin kalmar nan ban san sunan mutum ba ne. Heinrich Hertz, haifaffen Hamburg a 1857, shi ne ya nuna a ɗakin gwaji cewa akwai igiyoyin lantarki da ke tafiya cikin iska ba tare da waya ba. Ya rasu a 1894 yana ɗan shekara 36, bai ga rediyo a gidan kowa ba. Yau duk tashar FM da ta faɗi lambarta, sunansa take ambata. Haka madarar Nido da ke kan teburin mai shayi: wanda ya kafa kamfanin Nestlé an haife shi a Frankfurt a 1814 da sunan Heinrich Nestle, sai da ya koma Suwizalan ya zama Henri.

Sai Barth, wanda dominsa aka fara maganar. Shi ma ɗan Hamburg ne, an haife shi a 1821. Ya taso daga Tarabulus a 1850 tare da abokan tafiya biyu, Richardson da Overweg, dukansu suka mutu a hanya, shi kuwa bai koma gida ba sai 1855. Ya ratsa Agadas, Katsina, Kano, Kukawa, Yola, Sakkwato, Gwandu, har Tambutu, inda Shehu Ahmad al-Bakkay ya ba shi mafaka watanni. A tafiyar sunansa Abdulkarim. Abin da ya sa nake ganin girmansa shi ne ya zauna ya koyi Hausa da Barbarci, ya yi magana da mutane da bakinsu. Ya gana da Sarkin Musulmi Aliyu Babba. A Gwandu ya samu kwafin Tarikh al-Sudan ya zauna yana kwafo sassansa, a zamanin da Turawa da yawa ke cewa baƙar fata ba shi da tarihi. Da ya zo Kano ya lura da masaƙa da marina, ya rubuta yadda tufafin Kano ke kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Ban manta ba cewa gwamnatin Ingila ce ta ɗauki nauyin tafiyar, kuma waɗanda suka zo cin ƙasa daga baya sun amfana da abin da ya rubuta. Wannan gaskiya ce mai ɗaci. Duk da haka, wanda ke son sanin kamannin Kano shekara hamsin kafin zuwan Lugga, da wuya ya tsallake littafin Barth mai juzu'i biyar.

To, Himmler fa? Ba zan rage masa laifi ko ƙwayar zarra ba. Tun 1929 shi ne shugaban SS, rundunar musamman ta jam'iyyar Nazi ta Hitler, a ƙarƙashinsa sansanonin kisa suke, kuma yana cikin manyan waɗanda suka tsara hallaka Yahudawa miliyan shida. A 1945 ya sha guba a hannun sojojin Ingila. Allah wadai da aikinsa. Abin da ƙanena bai sani ba shi ne, gwamnatin da Himmler ya yi wa aiki ta tsani wasu masu sunansa. Hertz, saboda mahaifinsa asalin Bayahude ne, sun cire hotonsa daga zauren majalisar birnin Hamburg, matarsa da 'ya'yansa mata kuma suka bar ƙasar zuwa Ingila. Yaya za a ce mu miƙa wa Himmler sunan shi kaɗai, mu hana wa waɗanda tafiyarsa ta zalunta?

Wanda ya fi taɓa zuciyata shi ne mawallafi Heinrich Heine, da aka haifa a 1797, shi ma daga gidan Yahudawa. Yana saurayi ya rubuta wasan kwaikwayo mai suna Almansor, a kan Musulmin Andalus bayan faɗuwar Granada. A ciki wani ya ba da labarin yadda aka jefa Alƙur'ani cikin wuta a tsakiyar kasuwa, sai aka amsa masa da cewa wannan somin taɓi ne, inda duk aka ƙona littattafai, ƙarshenta mutane za a ƙona. Ku dubi wannan: Bayahude ɗan Jamus, ƙona Alƙur'ani ne ya sa shi faɗin maganar da duniya ta fi tuna shi da ita. A ranar 10 ga Mayu 1933, ɗalibai 'yan Nazi suka tara littattafai kusan dubu ashirin a wani dandali a tsakiyar Berlin suka cinna musu wuta. Yau idan ka je dandalin, wanda ake kira Bebelplatz, za ka ga gilashi a ƙasa, ta cikinsa kana hango ɗaki da kantocin littattafai babu ko ɗaya a kai. A gefensa akwai allon ƙarfe, an rubuta maganar nan, da sunan Heinrich Heine a ƙarƙashinta. Hoton allon na tura wa ƙanena da safen nan.