Ku riƙe Daya da Gibbs ɗinku, ni Columbo na zaɓa

Jama'a, yau dai sai na faɗi abin da ke raina a kan musun nan da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa tsakanin masu kallon finafinan binciken laifi a garin nan na Gombe. Ko a majalisar mai shayi a Jekadafari, ko wajen masu tura finafinai a waya, ko a nan Facebook, da an tambayi wane ne gwanin masu bincike, amsa biyu ce ke fitowa. Masu kallon Indiya su ce Daya na CID. Masu kallon na Amurka su ce Gibbs na NCIS. Wani lokaci a samu mai cewa Horatio na CSI: Miami, shi kuma in ka matsa masa da tambaya sai ka tarar baƙin tabarau ne kawai ya burge shi.

Ni duk ban yarda ba. Gwanina wani tsoho ne mai yamutsattsiyar rigar ruwa da guntun sigari a hannu, wato Laftanar Columbo.

Bari in fara da Daya, tunda magoya bayansa sun fi kowa ɗaga murya. CID ta fara a tashar Sony a 1998, aka yi shekara 20 ana nuna ta kafin a tsaya a 2018, sannan aka dawo da ita a ƙarshen 2024. Duk wanda ya kalli ko da kashi biyar ya san yadda ake yi. A tsinci gawa, Dakta Salunkhe ya duba a ɗakin gwaji, ACP Pradyuman ya karkaɗa yatsu yana nazari, a je gidan wanda ake zargi, Daya ya ɓalle ƙofa. Sai mari. Daga marin nan hoto zai yanke, sai ga mutumin a zaune a ofis yana kuka yana zayyana yadda ya yi kisan tun daga farko. Ni ma na sha dariya a wajen, ba zan ɓoye ba, kuma ina son abotar Daya da abokin aikinsa Abhijeet. Amma ku tsaya ku duba abin da muke tafa wa. Mari ɗaya, gaskiya ta fito. A fim kullum wanda aka mara shi ne mai laifin, domin marubuci ne ya tsara haka. A caji ofis na gaske babu marubuci. Wanda aka mara zai amsa laifi, ko ya yi ko bai yi ba, don dai a daina.

Kuma mu ba baƙin wannan zance ba ne. Kowa a nan ya san wani da aka taɓa ajiye shi a bayan kanta ya kwana uku ba a kai shi kotu ba, alhali sashe na 35 na kundin tsarin mulki ya ce cikin kwana ɗaya, ko biyu idan kotu na da nisa. Akwai dokar hana azabtarwa ta 2017. Akwai dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 da ta yi maganar ɗaukar bayanin wanda ya amsa laifi a bidiyo, da kuma barin lauyansa ya zauna a wajen. Ba a yi waɗannan dokoki don ado ba, an yi su ne saboda masu hali irin na Daya sun yi yawa. Sai ga shi da rana muna kuka da abin, da dare mun haɗa kai a kan waya ɗaya muna cewa ƙara masa.

Gibbs ya fi Daya aji, na yarda. Tun 2003 Mark Harmon ya riƙe wannan matsayi har ya bar shi a 2021, kuma ya iya shiru. Kofi a hannu, kwale-kwalen da yake sassaƙawa a ɗakin ƙasa, dokokinsa masu lamba, ɗan dungurin ƙeya da yake yi wa DiNozzo. Uba ne ga yaransa, shi ya sa ake sonsa. To amma masoyansa ba sa son a tuna musu cewa mutumin nan ya bi wanda ya kashe masa mata da 'ya har Meziko ya harbe shi, ya kuma ɓoye maganar shekara da shekaru yana kama wasu a kan kisa. In ka kawo wannan sai a ce ai kowa aka yi wa haka zai rama. Wataƙila. Amma ɗan kalare, wato ɗan dabar Gombe, ma da ya sari wani a Bolari zai ce maka ramuwa ya yi.

Yanzu Columbo. Matasa da yawa ba su san shi ba, tunda an fara shi sosai ne a 1971, kashi na ƙarshe ya fito a 2003, Peter Falk da ya fito a matsayinsa kuma ya rasu a 2011. Abin da ya raba shi da sauran shi ne tun a farkon fim ake nuna maka mai kisan, ka ga yadda ya shirya, ka ga yadda ya share sawunsa. Babu wani ɓoye-ɓoye. Abin da ya rage maka shi ne ka zauna ka ga ta ina za a kama shi. Masu kisan kuma ba 'yan daba ba ne, manyan Los Angeles ne, likitoci, marubuta, masu kamfani, mutanen da ke da mai gadi a ƙofa. Sai ga wannan bawan Allah ya iso a tsohuwar Fijo 403 da ke tari kafin ta tashi, yana lalube aljihu yana neman fensir, yana ba da labarin matarsa da ba a taɓa nuna fuskarta ba. Ba ya son ɗaukar bindiga. Ba ya tsawa. Attajirin zai raina shi, ya fara koya masa aiki, ya yi ta surutu. Columbo ya yi sallama, ya kai bakin ƙofa, ya dafa goshi, ya juyo da wata 'yar ƙaramar tambaya. Me ya sa fitilar ɗakin take kashe? Me ya sa mamacin ya ɗaure takalminsa ta wannan fuskar? Kamar tsohuwa mai tsintar tsakuwa a shinkafa, ɗaya bayan ɗaya, har tire ya fita tas.

Za a ce fim ɗin yana da sanyi, babu gudu babu harbi. Gaskiya ne, wani kashin ya haura awa ɗaya da rabi. Wani abokina lauya ma ya ce rabin tarkon da Columbo ke ɗanawa, in aka je gaban alƙali, lauya mai kaifi zai wargaza shi. Ban musa masa ba. Duk da haka, a cikin su duka shi kaɗai ne aikinsa zai yiwu a Gombe gobe da safe ba tare da an sayo komai ba.

Ku duba CSI, wadda ta fara a 2000 da Grissom mai nazarin ƙwari. A ɗauki gashi ɗaya, a sa a na'ura, kafin a gama talla suna da hoto sun fito a kwamfuta. Ko a Amurka masana sun yi ta ƙorafi cewa wannan ya sa mutane na zaton haka aikin yake. Mu kuwa, cibiyar gwajin DNA da jihar Legas ta buɗe a 2017 an lalata ta a rikicin Oktoban 2020. Sannan ga yanayinmu. Kwanakin baya an fasa shagon wani maƙwabcinmu cikin dare. Kafin a idar da sallar asuba mutum ya fi a ƙirga a ƙofar. Kowa sai ya ɗaga kwaɗon da aka karya ya juya shi ya ce lallai da ƙarfe aka ɓalle. Yara sun tattake sawun da ke cikin yashi, wata baiwar Allah ma ta kawo tsintsiya ta share gilashin don kada ya yanki wani. Wane zanen yatsa Grissom zai samu a nan? Haka in rai aka rasa. Mu Musulmi ne, gaggauta jana'iza muke yi, kuma da wuya ka samu dangin da za su yarda a yanka gawar ɗan'uwansu. Ducky, likitan binciken gawa na NCIS da ke zama yana hira da gawa, a nan kafin ya sa safar hannu an dawo daga maƙabarta.

Abin da muke da shi a wadace shi ne baki da kunne. Mai shayi ya san wanda ya wuce ƙarfe biyun dare. Ɗan acaɓa ya san wanda ya sauke. Mai cajin waya ya san wanda ya zo da sabuwar waya ba kwali. Ba za su faɗa wa mai ɓalle ƙofa ba, domin sun san daga shaida ake komawa wanda ake tuhuma. Amma mutum mai sanyin Columbo, wanda zai zauna a benci ya sha shayi ya yi kamar bai san komai ba, zai ji komai.

Ƙanwata takan ce duk mun manta da Olivia Benson ta Law & Order: SVU, wadda tun 1999 take zama da matan da aka ci wa zarafi tana sauraronsu ba tare da ta tambaye su me ya fitar da su ba. Tana da hujja, kuma da za a ba ni zaɓi na biyu ita zan ɗauka, ba Gibbs ba.

Masu shirya finafinai masu dogon zango na Hausa, ga fili nan a buɗe. A Legas an gwada da Crime and Justice Lagos a 2022. Ku ba mu sufeto ɗaya mai tsohon babur, wanda zai je zaman makoki ya yi ta'aziyya ya lura da wanda ya kasa haɗa ido da uwar mamaci. A nuna mana yadda ake rubuta sitatimen, yadda dangi ke zuwa da dattijan unguwa a ce a kashe magana, yadda mai gabatar da ƙara ke neman a ɗaga shari'a saboda shaida ya ƙi zuwa. Mutanen Daya kuma ina jiran ku a ƙasa, amma duk wanda zai zo ya zo mini da kashi ɗaya tak da aka mari wanda bai ji ba bai gani ba, aka kuma dawo aka ba shi haƙuri.