Taro ɗaya a zaure uku, amma wa ake yi wa taron?

Tun da annobar korona ta tura kamfanoni kan manhajojin taron bidiyo irin su Zoom da Teams a 2020, shugabanni da yawa suka ɗauka haɗa taro a garuruwa uku lokaci guda ba wani aiki ba ne. A kafa ƙaton allo, a kunna kyamara, shi ke nan. Ni kam ban yarda ba. Abin da ya fi faruwa shi ne a yi taron gaske a hedikwata, ma'aikatan rassa kuma su zauna suna kallon wasu na tafi da raha. Kafin a yi nisa, kowa ya sunkuya kan wayarsa.

Kuɗin ma a gurguje ake kashe shi inda bai dace ba. A ƙawata dandamali da fitilu, a bar sauti a hannun Allah. Mutum zai jure hoto mai dishi-dishi, amma muryar da ke yankewa ko amsa kuwwa, minti biyar ya gaji. Makirfo biyu a buɗe kusa da lasifika sun isa su hargitsa zaure duka. Hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta ba da shawarar kada jinkirin murya ya wuce milisakan 150, wato ƙasa da kashi ɗaya cikin shida na daƙiƙa, in ana son hira ta tafi daidai. To wasu sai su yaɗa taron ta YouTube, inda jinkirin kan kai daƙiƙa 20 ko fiye, sannan su yi mamakin me ya sa reshe bai amsa tambaya ba. Ai tambayar ba ta iso musu ba tukuna!

Sai batun agogo. Tsakanin New York da Landan awa 5 ne, amma Amurka na tura agogonta gaba da awa ɗaya ranar Lahadi ta biyu a watan Maris, Turai kuwa sai Lahadin ƙarshe. A 'yan makonnin da ke tsakani, tazarar awa 4 ce. Wanda bai duba ba, zai tara mutane a zaure babu mai jawabi.

Layin intanet na biyu daga wani kamfani daban, da gwaji na cikakken shiri kwana ɗaya kafin taro, waɗannan ba sai an faɗa ba.

Abin da na fi damuwa da shi mutane ne. Kowane zaure ya samu nasa mai gabatarwa wanda ke da ikon tsayar da magana ya ce, "muna da tambaya a nan." A raba masu jawabi, kada duk manya su cunkushe a hedikwata, mataimakin shugaba ya tafi reshe ya yi magana daga can. In lokacin tambayoyi ya yi, a fara da zauren da ya fi nisa, domin na kusa da shugaba ko a bakin ƙofa za su tare shi.