Takardar mallaka ba ta sayar da kanta

Ni fa abin da ke ɗaure min kai shi ne yadda jami'o'i ke alfahari da yawan takardun mallakar fasaha da suka yi wa rajista, wato takardun da ke hana wani amfani da abin da aka ƙirƙira sai da izinin mai shi, kamar da an samu takardar shi ke nan kuɗi sun shigo. Malami zai yi shekara goma a ɗakin gwaje-gwaje, ya gano abu mai kyau wallahi, a buɗe masa ɗan kamfani da sunan jami'a, bayan shekara biyu ka ji shiru, ba don abin ba ya aiki ba, don dai babu wanda ya san ƙofar da za a ƙwanƙwasa.

Ku duba yadda kamfanin magunguna Genentech ya fara a 1976. Herbert Boyer farfesa ne a jami'ar Kalifoniya da ke San Francisco, gwani ne wajen yanka ƙwayoyin halitta da haɗa su, amma ba ɗan kasuwa ba ne sam. Wani matashi Robert Swanson da ya yi aiki da masu zuba jari shi ya kira shi a waya ya roƙi a ba shi minti goma, zaman ya kai awa uku, daga nan suka kafa kamfanin tare. A 1978 suka samar da insulin irin na jikin mutum daga bakteriya. To amma ina masana'antar da za ta yi shi da yawa, wa ya san hanyar samun izinin hukuma, wa ya san likitocin da ke duba masu ciwon suga? Kamfanin magunguna Eli Lilly, wanda ke sana'ar insulin tun 1923. Shi aka ba lasisi, sai a 1982 maganin ya samu izini. Da Boyer ya ce shi kaɗai zai yi komai ina jin da an daɗe ana jira.

Google ma haka ne, ɗaliban jami'ar Stanford biyu ne suka fara shi, wani malaminsu David Cheriton ya haɗa su da Andy Bechtolsheim, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin kwamfuta Sun Microsystems. A ƙofar gidan malamin Bechtolsheim ya kalli abin da suka ƙirƙira a kwamfuta na ɗan lokaci, ya rubuta cek na dala 100,000 da sunan kamfanin da ko rajista ba a yi masa ba tukuna, sai da suka je suka yi rajistar kafin su iya saka cek ɗin a banki.

Kuma mutane suna ɗauka kuɗi ne kawai amfanin sanin 'yan masana'anta, ni a ganina kuɗin ma shi ne ƙarami. Babban abin shi ne su za su gaya maka gaskiya mai ɗaci da wuri: wannan na'urar taka ta yi tsada, injinmu ba zai ɗauke ta ba, matsalar da kake warwarewa ba ita ke hana mu barci ba. Abokin aikinka farfesa ba zai faɗa maka haka ba, shi kyan binciken yake gani.

Akwai haɗari fa, ban ce babu ba. Babban kamfani zai iya karɓar lasisi shi kaɗai ya jefa a durowa don kar abokin gogayyarsa ya samu, shi ya sa dole a rubuta a yarjejeniya cewa in bai yi amfani da shi zuwa lokaci kaza ba haƙƙin ya dawo. Sannan irin wannan zumuncin ba a ƙulla shi ranar buƙata. Kamfanin BioNTech na Jamus, wanda malaman jami'ar Mainz suka kafa a 2008, tun 2018 yake aiki da kamfanin magunguna Pfizer kan rigakafin mura, shi ya sa da korona ta zo a 2020 sun riga sun san juna, har sun fara aikin rigakafinta kafin lauyoyi su gama rubuta cikakkiyar yarjejeniya.