Motar injekta ba a ɗaure mata mai da sukudireba

Har yanzu wasu kan kai mota gareji su ce wa bakanike, "Maigida, ɗan ɗaure min mai, tana sha da yawa." Wannan maganar zamanin kafireto ce, lokacin da ake murza ɗan sukuru a rage ko a ƙara. Motar injekta, irin su Corolla da Camry da suka cika titi, ba ta da wannan sukurun.

Kwamfutar motar, wadda makanikai ke kira birenbos, ita ke yanke yawan man da injekta za ta fesa. Da injin ya ɗumama, tana neman kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na fetur, bisa nauyi. Ita kuwa abin da sensoshi, wato ƙananan na'urori masu aune-aune a jikin motar, suka gaya mata take bi. In sensar da ke jikin salansa ta mutu, ko mai auna iska ta yi dauɗa, lissafin ya ɓaci.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne cire tamostat, wato abin da ke daidaita zafin injin, wai saboda zafin ƙasarmu. Injin sai ya daɗe bai ɗumama ba, kwamfutar ta yi ta ƙara masa mai, filogi ya yi baƙi ƙirin. In mota tana shan mai da yawa, a fara jona na'urar bincike a raminta da ake kira OBD, da ke ƙarƙashin sitiyari, tukuna.